An Ba Mu Biro, An Karɓe Suna

Duk taron da 'yan bokonmu suka kira, na ikilisiya ne ko na ƙungiyar ci gaban yanki, akwai maganar da ba a tashi sai an yi ta: wai ilimi ne zai fitar da mu. Da an faɗe ta sai tafi ya kaure, sai kuma a shiga lissafin 'yan "na farko". Wane ne likitanmu na farko, wance ce lauyarmu ta farko, ɗan gidan wane yana Ingila, 'yar gidan wane ta haɗa digiri na biyu. Mu jikokin Maguzawan kudancin Katsina, mutanen ƙauyukan Malumfashi da Ƙafur da Bakori da Ɗanja da Funtuwa, ba mu da rigima da karatu. Rigimarmu da kalmar "fitarwa" ce, domin ba a taɓa tsayawa an gaya mana daga ina za a fitar da mu, ina kuma za a kai mu ba. Abin da idonmu ya gani cikin shekara hamsin ɗin nan shi ne, manyan makarantun da ake rububin tura yaranmu suna cika alkawarinsu. Suna fitar da yaro daga gandu, su fitar da shi daga sunan kakansa, su zare masa Hausa daga baki, sannan su miƙo mana shi da kwalin digiri, baƙo a gidan ubansa.

Ga mai karatun da bai san mu ba sai a bakin masu barkwanci, inda Bamaguje ba ya fitowa sai da tulun giya da gatse, bari mu gabatar da kanmu. Hausawa ne mu, ba mu da wani harshe na ɓoye da muke yi in mun shiga ɗaka. Kakanninmu su ne suka tsaya kan addinin gargajiya bayan birane sun musulunta, tun zamanin Muhammadu Korau a ƙarni na 15 har bayan jihadin 1804. Masana na danganta sunan da kalmar Larabci "Majusu", wadda ta ba malamai damar ɗaukarsu mutanen amana masu biyan jiziya. 'Yan ba'a kuwa suka ce daga "gudu" ne, wai magudan salla. Ko wanne ne gaskiya, an zauna. Suna noma, suna biyan abin da aka ɗora musu, Sarkin Arna yana tsaya musu gaban hakimi. Gidajensu manya ne a tsakiyar gona, maza na gandu, mata na da gayaunarsu da rumbunsu wanda ko miji ba ya sa wa hannu. Baturen nan masanin tarihi, Murray Last, ya zauna a irin wannan gida kusa da Malumfashi a farkon shekarun 1970, kafin shi kuma Joseph Greenberg ya fitar da littafi kan Maguzawan Kano a 1946. Yau masu tsafin sun ƙaranta ƙwarai. Da yawa sun musulunta sun narke cikin jama'a, da yawa kuma mun zama Kirista, muna ECWA da Katolika da Angilika. Mu na biyun nan ne rigimar suna ta rage wa, domin a ƙasar nan an riga an yanke hukunci ba tare da an ji ta bakinmu ba: Bahaushe Musulmi ne, Kirista kuwa ko daga ina yake, ba daga nan ba ne.

Boko ya shigo ƙasar Katsina ta ƙofa biyu, babu wadda aka sassaƙa daidai tsawonmu. Ta farko ta gwamnati ce. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922, an gina ta ne don horar da samari Musulmi daga masarautu su zama malaman makaranta, kuma ta yi aikinta. Ta yaye Sardauna da Tafawa Ɓalewa, ta koma Kaduna, ta koma Zariya, ta zama Barewa. Ɗan Bamaguje mai warki a dajin Ƙafur ba ya cikin wannan lissafi. Harajin ubansa da audugar ubansa ne kaɗai suke ciki. Ƙofa ta biyu ta mishan ce. Turawan mulki sun daɗe suna taka wa 'yan mishan birki a cikin masarautu saboda alkawarin da Lugga ya yi wa sarakuna na rashin taɓa addini, sai a shekarun 1930 aka sassauta musu ta hanyar jinyar kutare, irin ta Babbar Ruga a bakin Katsina. Ta haka SIM ta sami wurin kafa ƙafa a garuruwa irin Malumfashi. Ita ma da ta ga yaro mai kaifin kai, abin da take yi shi ne ta ɗauke shi ta kai shi makarantar kwana nesa da gida, inda ba zai ji ƙarar garaya ko ƙanshin dahuwar giyar uwarsa ba. Tun daga tushe, kenan, an haɗa mana karatu da rabuwa a ƙwarya ɗaya, aka ce mu sha.

Masu kare wannan tsari ba sa raba bakinsu da Wusasa, don haka bari mu je Wusasar. Gaskiya ne wannan ɗan gari na gindin dutse, inda mishan ɗin Likita Mila ya koma daga birnin Zariya wajen 1929, ya yi abin mamaki. Daga nan Dokta R. A. B. Dikko ya fito, likitan farko ɗan Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa tun tana ƙungiyar al'adu. Da Wusasa Farfesa Ishaya Audu yake da alaƙa, wanda ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, daga baya ya zama ministan harkokin waje. A nan Yakubu Gowon ya yi firamare. Sai dai masu kawo misalin suna tsallake abu biyu. Na ɗaya, mutanen Wusasa ba su sayar da Hausarsu don su sayi boko ba. Da hannunsu a cikin aikin Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, kuma ɗansu John Tafida ne ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, littafin da har gobe ake lissafa shi cikin tubalan farko na ƙagaggen labarin Hausa. Dubi sunan da kyau: John ya shigo, amma Tafida bai fita ba. Na biyu, duk da wannan tarin manyan mutane, me ya canza a ƙauyukan Maguzawa da ke tafiyar awa ɗaya ko biyu daga Wusasa? Mutanen Wusasa ma yawancinsu ba Maguzawa ba ne, zuriyar Isawa ce da wasu gidajen Zazzau. Shugaban jami'a ya zo ya wuce, minista ya zo ya wuce, ɗan Bamaguje na nan yana kiwon awaki. Kitsen da ke jikin rago ɗaya ba ya sa garke ƙiba.

Yawancinmu shirin UPE na 1976 ne ya kai mu aji, bayan gwamnati ta karɓe manyan makarantun mishan a farkon shekarun 1970, St. Paul ta Zariya ta koma Kufena, St. John ta Kaduna ta koma Rimi. Duk wanda ya shiga firamare a ƙauyukanmu a wancan zamani ya san abin da ke faruwa ranar rubuta suna. Malam ya buɗe rajista ya ce, "Yaya sunanka?" Yaro ya ce Nomau. Malam ya ce wannan ba suna ba ne, ya rubuta Nuhu. Ran Lahadi mai bishara ya ce Nomau sunan arna ne, in za a yi baftisma sai dai Emmanuel. Yaro ya tashi da suna uku: na gwamnati, na coci, da na gida wanda ba ya so abokansa su ji. Malamin da mai bisharar ba sa ga maciji da juna, amma a kan Nomau bakinsu ɗaya. Haka aka bi Jatau da Tanko da Bawa da Ɗari da Tunau da Arzika, aka bi Kande da Delu, aka share. Waɗannan sunaye kuwa ba a banza ake raɗa su ba. Nomau yana gaya maka da damina aka haife shi, Tanko yana gaya maka mata ne yayyensa, Kande kuma maza ta biyo. Suna ne da ke ɗauke da tarihin ɗakin uwa. Wanda ya maye gurbinsa ba ya gaya maka komai sai ɓangaren da ya riga kama yaron.

Wancan an yi mana ne. Na yanzu wasu daga cikinmu ne ke yi da kuɗinsu. Waɗanda suka haye ta UPE suka zama daraktoci da manyan fastoci da hafsoshi, yau su ne ke kwasar 'ya'yansu tun suna shekara goma su kai makarantun kuɗi na Jos da Kaduna da Abuja, inda ake cin tarar yaron da aka ji ya yi Hausa. Tarar ma da sauƙi. Babbar cutar ita ce abin da yaron zai ji a ɗakin kwana. Zai haɗu da 'ya'yan mutanen da rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001 da waɗanda suka biyo baya suka ƙona wa gidaje, yaran da a wurinsu kalmar "Hausa" sunan wanda ya kawo wutar ne. Ba laifinsu ba ne, abin da suka tashi suka ji kenan. To ɗan shekara goma sha ɗaya ba ya da ƙarfin da zai tsaya ya ce shi ma Bahaushe ne. Zai koyi cewa, "Daga Katsina nake, amma ni ba Bahaushe ba ne." Wani ma zai ari wata ƙabila daga kudancin Kaduna ya yafa. Shekara shida yana wannan, ya shiga jami'a ya ƙara huɗu. In Kirsimeti ta zo aka kawo shi ƙauye a bayan mota, kakarsa ta tarbe shi da wasan da kowace kaka ke yi wa jikanta namiji, ta ce ga mijinta ya dawo, ina kuɗin cefane, sai ya juya ya dubi uwarsa ta fassara masa. Iyayen su yi dariya, har da alfahari a ciki, wai yaro ba ya jin Hausa. Tsohuwa ita kaɗai ta san abin da ya mutu a wurin.

Ranar ƙin dillanci tana zuwa ne lokacin da yaron ya nemi gurbin jami'a, ko aikin soja, ko aikin gwamnatin tarayya, aka ce ya kawo takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Nan ne uban da ya shekara ashirin bai halarci taron gari ba zai tuna hanyar gidan mai unguwa. Akawu ya duba fom, ya ga suna biyu duk na Turawa, ya yi wa yaro tambaya da Hausa, yaro ya amsa da Turanci. Akawu ya ture takarda gefe ya ce a dawo wani sati. Mun sha ganin haka, kuma ba mu wanke akawun ba. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addininsa ko asalinsa, kuma mun san waɗanda aka wahalar alhali Hausarsu ta fi ta akawun tsabta, laifinsu kawai sunan Bulus ko Istifanus. Wannan zalunci ne, sunansa kenan. Amma uban da ya biya miliyoyi aka cire wa ɗansa duk wata alama da ke nuna ɗan ƙasar nan ne, shi ya miƙa wa azzalumin igiya. Mai cewa mu baƙi ne ya daɗe yana neman shaida, ga shi an kawo masa ita har ofis, sanye da kwat.

Iyayen nan suna da hujja, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji ba. Suna cewa makarantun gida sun lalace, babu malamin darasin addinin Kirista, ga ɓarayin daji. Duk gaskiya ne. Ba wanda ya manta daren 11 ga Disamba 2020 da aka kwashe yara sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A watan Mayun 2021 an shiga cocin Katolika na Malumfashi aka kashe Fada Alphonsus Bello. A watan Agustan 2025 an buɗe wa masu sallar asuba wuta a masallacin Unguwar Mantau, duk a ƙasar Malumfashi. Uban da ya ce ba zai bar ɗansa a makarantar kwana a bakin daji ba, ba mu da bakin zarginsa. Amma a lura da abin da waɗannan ranaku uku ke faɗa: wutar ba ta tambayar addini, kuma ajin da rufinsa ya yaye, ɗan Musulmi da ɗan Kirista ne ke zaune a ƙasansa tare. Cikin yaranmu, nawa ne za su taɓa ganin ƙofar makarantar Jos? 'Yan tsiraru. Sauran suna nan. Sashe na 38 na tsarin mulki ya ce ba a tilasta wa ɗalibi darasin addinin da ba nasa ba. To wa zai ɗauki wannan sashe ya shiga da shi ofishin sakataren ilimi? Manomin da bai iya karanta shi ba? Waɗanda suka iya karantawa, suka san lambar wayar kwamishina, ba su da ɗa ko ɗaya a makarantar, don haka ba su da abin da zai hana su barci. Kuɗin zango guda na yaro ɗaya a waɗancan makarantu zai rufe aji da kwano ya sa benci. Ana kashe shi ne a sayo wa yaro lafazin da zai raina na ubansa.

Ku kuma 'yan'uwanmu Musulmi, musamman ku masu alƙalami, akwai naku kason. Kaburburan Durɓi ta Kusheyi na kakanninmu ne mu da ku. Wanda ya hau Dala ya yi wa Tsumburbura yanka ba kakan Bayarabe ba ne. Tun da Bankin Duniya ya kawo shirin noman Funtuwa a 1975 masara ta cika yankin nan, buhun Bamaguje da na Malam a mota ɗaya suke zuwa kasuwar Ɗandume, ba a taɓa ware su a sikeli ba. Amma ku duba littattafanku da finafinanku. Sau nawa kuka sa Bahaushe Kirista a labari, ya yi soyayya, ya yi fushi, ya ci bashi, ya tsufa, ba tare da an ajiye shi don ya musulunta a babi na ƙarshe ba? Sau nawa kuka ji yaro ya kira ɗan ajinsu "arne" kuka tsawata? Duk wanda ya taɓa ce wa ɗayanmu, "Kai, ka iya Hausa kamar Bahaushe," yana ganin yabo ya yi, ya sani shi ma ya tura yaro guda zuwa Jos.

(Akwai kuma sababbin masoyanmu na Facebook da TikTok, masu kiran "Hausa zalla", waɗanda dare ɗaya suka gano cewa mu ne Hausawan asali. Mun gode, amma mun ga sandar da ke bayanku. Ba don Allah kuke son Bamaguje ba, kuna neman abin da za ku doki Bafillace da shi ne. A Ƙafur da Bakori mun shekara ɗaruruwa muna ba Fulani kara suna ba mu taki, kuma ɓarawon da ya kore mana shanu ya kore nasu. Ku nemi wata sandar.)

Kada a ce muna kiran a zauna gida a ƙi karatu mai zurfi. Da Fafaroma ya kafa dayosis ɗin Katsina a watan Oktoban 2023, wanda aka naɗa bishop a Disambar wannan shekara ɗan Malumfashi ne, Gerald Mamman Musa, Bahaushe na farko da ya kai wannan matsayi a cocin Katolika. Ya yi karatu a Rum, ya yi a Ostireliya, ya koyar a Fatakwal, ya dawo da Mamman ɗinsa da Musansa. Ashe nisan tafiya ba shi ke cinye suna ba. Mun yi murna, kuma muna da dalili. Sai dai tun a ranar muka ji an fara saka shi cikin wancan lissafi na 'yan "na farko", kamar hular bishop za ta koya wa yaran Gidan wane karatun baƙi. Wusasa ta riga ta nuna mana iyakar wannan lissafi.

Abin da muke nema a hannun Tarayyar Masihiyawan Nijeriya da majalisun ikilisiyoyinmu ba shi da tsada kamar ginin da ake ta gidauniya a kansa. Kafin a ƙara wa coci hawa, a gina sakandaren jeka-ka-dawo mai kyau a tsakiyar ƙauyukanmu, ƙofarta a buɗe ga ɗan maƙwabci Musulmi, a koyar da Hausa a cikinta a zana ta a jarrabawar WAEC da NECO, ba a ci tarar mai yin ta ba. Manyan da ke hawa mumbari suna kukan an danne mu, su fara sa nasu 'ya'yan a ciki, ko da firamare ce kaɗai, yaro ya kafu kafin a ɗauke shi. Fastoci su daina yatsina fuska in uba ya kawo suna na Hausa. Kyauta da Godiya da Alheri da Haƙuri ba su saɓa wa kowace aya ba, Tanko ma haka. Duk ɗalibin da ƙungiya ta biya wa kuɗin jami'a, a sa masa sharaɗin ya dawo ya koyar shekara biyu a firamaren da ta yaye shi. Ma'aikatar ilimi ta jiha kuma ta ɗauki malaman darasin addinin Kirista a duk makarantar da ke da ɗaliban, kamar yadda take ɗaukar na addinin Musulunci, tunda da harajin kowa ake biyan albashi.

Lokaci kuwa ba ya jiranmu. Tsofaffin da suka riƙe gandu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, magadansu na birni ba su san iyakar gonar ba sai an nuna musu. A 'yan shekarun nan mun ga yadda ake yi: dillali ya buga waya, a yi ciniki da Turanci, kuɗi ya faɗa asusu a Abuja. In aka kawo takardar ciniki gaban dagaci ya sa hannu, sai ya riƙe ta yana juyawa, yana neman wanda zai gaya masa ko wannan mai sayarwar ɗan wane ne, domin sunan da ke jiki bai haɗu da ko ɗaya daga cikin kaburburan da ke gefen gonar ba.